Paul Eisler: Ɗan gudun hijirar da ya ƙirƙiro allon da ke cikin kowace rediyo da wayar salula

Duk wanda ya taɓa kwance bayan rediyo, ko ya leƙa teburin mai gyaran waya, ya san wani siririn allo, yawanci kore, mai ɗauke da layuka masu sheƙi kamar taswirar titunan birni. Masu gyara a Potiskum da Damaturu da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano fanel suke ce masa. A kansa ake dasa ƙananan kayan da ke sa na'ura ta yi aiki, layukan nan kuwa na jan ƙarfe ne, su ne hanyoyin da wutar lantarki ke bi daga wannan kaya zuwa wancan. Wayar salula da kwamfuta da talabijin da inbata da na'urar da ke daidaita cajin sola, duk a kan wannan allo rayuwarsu ta dogara.

Mutumin da ya fi kowa cancantar a danganta wannan ƙirƙira gare shi shi ne Paul Eisler, injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya fara gwajinsa a ɗakin haya a Landan a 1936, lokacin da ba shi da aiki, ba shi da izinin yin aiki, kuma ƙasarsa ta haihuwa tana rufe masa ƙofa. Dabarar da ya fito da ita ta zama ginshiƙin masana'antar da ke juya dukiya mai ɗimbin yawa a yau, amma shi kansa bai yi arziki da ita ba. Tarihinsa na da darasi iri biyu ga matasanmu masu sha'awar haɗa kayan lantarki: yadda ake yin babban aiki da ƙaramin kaya, da kuma yadda mai basira ke rasa amfanin basirarsa idan bai kula da takarda ba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Paul Eisler ranar 3 ga Agusta, 1907, a Biyana, babban birnin Ostiriya, a cikin wani gida na Yahudawa. A lokacin Biyana cibiya ce ta daular Ostiriya da Hangari, birnin kiɗa da likitanci da jaridu. Yana ɗan shekara 11 daular ta ruguje a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, ƙasar ta koma ƙarama, kuɗinta ya karye, ayyuka suka yi wuya. A cikin wannan yanayi ya tashi.

Ya karanta aikin injiniya a babbar makarantar fasaha ta Biyana, wadda yanzu ta zama jami'a, ya kammala a 1930. Shekarar ba ta yi wa masu neman aiki daɗi ba, domin tattalin arzikin duniya ya durƙushe tun daga faɗuwar kasuwar hannun jari ta Amurka a 1929. Sai dai matsalar Eisler ta wuce ta sauran abokan karatunsa. Ƙungiyoyin masu kishin Jamusanci, waɗanda suka yi kaka-gida a harkar injiniyoyi, ba sa barin Bayahude ya samu gurbi. Yana riƙe da takardar shaida mai kyau, amma asalinsa ya hana ta yi masa amfani a garinsu.

Dole ta sa ya tsallaka zuwa Belgrade, babban birnin Yugoslabiya ta wancan zamani, inda ya samu aiki da wakilan kamfanin faifan garmaho na Ingila mai tambarin His Master's Voice. Aikin da aka ba shi shi ne ya kawar da ƙarar da ke ɓata sautin kiɗan da ake saka wa fasinjoji a jiragen ƙasa masu zirga-zirga tsakanin Belgrade da garin Nish. Ya yi aikin, ya kuma yi nasara. Amma hukumar jiragen ƙasan ba ta da kuɗin waje, sai ta nemi ta biya kamfanin da hatsi a maimakon fam na Ingila. Cinikin ya watse, Eisler ya tattara ya koma gida.

Makarantar da bai nema ba

Da ya dawo Biyana ƙofar aikin injiniya tana nan a rufe, sai ya faɗa harkar jarida da ɗab'i domin ya samu abin kai wa baki. Ya fara da wata mujallar da ke buga jadawalin shirye-shiryen rediyo, daga baya ya shiga maɗaba'ar Vorwärts, ta jam'iyyar 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi. A ganin mutane wannan koma-baya ne ga wanda ya karanta injiniya. A gaskiya kuwa nan ne ya koyi rabin ilimin da ya sa sunansa ya shiga tarihi.

Masu ɗab'i na wancan lokaci suna da wata tsohuwar dabara ta buga hoto. Sukan ɗauko faranti na tutiya ko jan ƙarfe, su fitar da hoton a kansa da wani abu da asid ba ya ci, sannan su tsoma farantin cikin asid. Inda aka rufe ya tsira, inda aka bari a buɗe asid ya cinye. Abin da ya rage shi ne siffar hoton a tsaye, a shirye domin a shafa mata tawada a danna a takarda. Eisler ya ga ana wannan aiki kullum, ya kuma lura da abu mafi muhimmanci a sana'ar ɗab'i: wahalar tana wajen shirya kwafi na farko, da zarar an gama shi ana iya fitar da dubbai iri ɗaya ba tare da kuskure ba.

A watan Fabrairun 1934 rikici ya ɓarke a Ostiriya tsakanin gwamnatin Engelbert Dollfuss da 'yan jam'iyyar ma'aikata. Gwamnati ta yi galaba cikin 'yan kwanaki, ta haramta jam'iyyar, aikin Eisler a maɗaba'ar ya zo ƙarshe. A maƙwabciyarsu Jamus kuwa Hitila ya riga ya hau mulki tun 1933. Eisler ya karanci inda iska ke kaɗawa. Yana da rajistar wasu ƙirƙire-ƙirƙire biyu, ɗaya kan naɗar sauti, ɗaya kan talabijin, sai ya yi amfani da su ya nemi bizar zuwa Ingila da hujjar zai tallata su ga kamfanoni. A 1936 ya sauka Landan.

Ɗakin haya a unguwar Hampstead

Domin a fahimci abin da ya yi a wannan ɗaki, sai an san yadda cikin rediyo yake kafin zuwansa. A wancan zamani babu taransisto. Rediyo na aiki ne da bawul, wasu kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda ake dasawa a kan farantin ƙarfe. A ƙarƙashin farantin, kowane kaya ana haɗa shi da ɗan'uwansa da guntuwar waya, ma'aikaci ya yanka ta, ya fere bakinta, ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya juya rediyon ya duba ƙasanta zai ga wayoyi sun cakuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Aikin na cin lokaci, kuskure na da sauƙi, na'urar na da nauyi, kuma idan ta sha jijjiga a mota ko a jirgi haɗin na iya saki.

Tambayar da Eisler ya yi wa kansa mai sauƙi ce. Tunda aikin waya shi ne ta kai wuta daga wuri zuwa wuri, me zai hana a zana dukan hanyoyin a fili ɗaya, a buga su kamar yadda ake buga shafin jarida? Ya samo siririn fallen jan ƙarfe, ya manna a kan allon da wuta ba ta ratsa shi, ya fitar da hanyoyin da yake so, ya kawar da sauran. Da haka ya haɗa ƙaramar rediyo da hannunsa, ta kuma yi magana.

Ya ɗauki aikin ya kai wa Plessey, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin haɗa rediyo a Ingila. An duba, an yaba, amma aka ƙi saye. Dalilin da aka ba shi shi ne cewa 'yan matan da ke haɗa wayoyi a masana'antar sun fi araha, kuma sun fi sauƙin juyawa daga wannan aiki zuwa wancan. Wato arhar ƙwadago ce ta fara tare wa ƙirƙirar hanya.

Da abin ya ƙi, sai ya karɓi aiki a kamfanin gidajen silima na Odeon, inda aka ɗora masa kula da al'amuran fasaha. A can har da matsalar 'yan kallo masu zubar da askirim a kan kujeru ya warware: ya tsara wani mayafi mai ruwan ɗorawa da ake lulluɓa wa kujerar da ta ɓaci, wanda zai kare tufafin mai zama na gaba, ya kuma nuna wa masu shara kujerar da ke jiran wanki. Injiniyan da ke ɗauke da makomar masana'antar lantarki a aljihunsa, ga shi yana fama da tabon askirim.

Yaƙi, tsarewa da yarjejeniyar fam ɗaya

A watan Maris na 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya. Yahudawan Biyana suka shiga uku: aka ƙwace dukiyoyinsu, aka kore su daga aiki, aka kai dubbai sansanonin azaba irin na Dachau. Eisler ya yi iya ƙoƙarinsa daga Landan, ya samu fitar da wasu daga cikin danginsa. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, sai takardunsa suka juye masa. Tunda Ostiriya ta zama yankin Jamus, hukumomin Birtaniya suka lissafa shi cikin 'yan ƙasar abokan gaba, aka tsare shi tare da dubban 'yan gudun hijira irinsa, waɗanda su ma Hitilan suka gudo wa. Sai a 1941 aka sake shi, ya yi ɗan gajeren zama a rundunar sojan da ke aikin ƙwadago, sannan ya koma rayuwar farar hula.

Bayan fitowarsa ya haɗu da Harold Vezey Strong, shugaban kamfanin Henderson and Spalding, maɗaba'ar da ta shahara wajen buga takardun kiɗa. Strong ya yarda ya zuba kuɗi a kan tunanin Eisler, aka kuma kafa wani reshe mai suna Technograph domin wannan aiki. A nan ne Eisler ya yi kuskuren da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: ya sa hannu a takardar yarjejeniya ba tare da ya karanta ta da kyau ba. Takardar ta tanadi cewa duk abin da ya ƙirƙira yana bakin aiki mallakar kamfani ne, a kan ladan fam ɗaya tak. Abin da ya tsira da shi shi ne kashi 16.5 cikin 100 na hannun jarin Technograph. Mutumin da ya fito daga tsare, ba shi da ƙasa, ba shi da wani mai tsaya masa, da wuya ya tsaya ciniki da wanda ya miƙo masa hannu. Amma doka ba ta duba halin da mutum yake ciki lokacin da ya sa hannu.

Duk da haka aiki ya ci gaba. A 1942 ya kammala wata rediyo mai allon da aka buga, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko irinta. A watan Fabrairun 1943 aka shigar da takardar neman rajistar ƙirƙirar a Birtaniya. Bin diddigin hukuma ya ɗauki shekara bakwai, aka raba buƙatar gida uku, sai ranar 21 ga Yuni, 1950 aka wallafa takardun mallakar. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce mai lamba 639,178, wadda ta ƙunshi dabarar fallen jan ƙarfe da cin sinadari.

Dabarar da har yau ake yi a gida

Abin mamaki game da aikin Eisler shi ne, duk da cewa masana'antun yau na fitar da alluna masu hawa-hawa da layukan da ido ba ya iya rabewa, tushen dabarar bai canja ba, kuma ɗalibi na iya maimaita ta a tsakar gida. Wanda ya taɓa ganin mace tana ƙunshi da salatif ya riga ya fahimci rabin abin: inda aka manna salatif lalle ba ya kamawa, sai zane ya fito. Haka marinan Ƙofar Mata ke ɗaure wasu sassan yadi da zare domin baba ya tsallake su. Bambancin kawai shi ne, a wajen allon lantarki abin da aka rufe shi ake so ya rage.

Ana farawa da allo mai kaurin kusan milimita 1.6, na gilashin zare ko na takardar da aka jiƙa da ƙaro, wanda aka riga aka shimfiɗa wa fallen jan ƙarfe. Kaurin fallen yawanci kashi 35 ne cikin 1,000 na milimita ɗaya, bai kai kaurin gashin kai ba. Mai aiki zai fara tsara zanensa a takarda ko a kwamfuta: ina kowane kaya zai zauna, ta ina kowace hanya za ta bi ba tare da ta gitta wata ba, domin a allo mai fuska ɗaya duk inda layi biyu suka haɗu wuta ta gauraya ke nan. Hanyar da za ta ɗauki wuta mai yawa ana faɗaɗa ta, don siririn layi na yin zafi ya ƙone. Wannan matakin tsarawa shi ne ainihin gwanintar, sauran duk aikin hannu ne.

Daga nan sai a goge fuskar jan ƙarfen har ta yi sheƙi, a guji taɓa ta da yatsa, saboda maiƙon hannu na hana tawada kamawa. Idan zanen mai sauƙi ne ana iya yin sa kai tsaye da maka mai tawadar da ruwa ba ya wankewa, a maimaita layin sau biyu. Idan mai sarƙaƙiya ne, sai a buga shi da firintar leza a kan takarda mai santsi, a kifa ta a kan allon, a danne da dutsen guga mai zafi na 'yan mintoci. Garin tawadar firintar leza roba ce, zafi na narkar da ita ta manne a jan ƙarfen. Sai a jiƙa allon a ruwa, a murje takardar a hankali, zanen ya rage. Tunda kifa takardar ake yi, zanen na juyawa kamar a madubi, kuma rashin lissafa wannan juyi shi ne kuskuren da ya fi kama sababbin shiga.

Sinadarin da aka fi amfani da shi wajen cin ƙarfen shi ne ferik kuloraid, ruwa mai launin ƙasa-ƙasa. Yana narkar da jan ƙarfen da ke fili, ya bar wanda ke ƙarƙashin tawada. A cikin robar ɗaki ake zuba shi, domin yana cin kwanon ƙarfe. Idan yana da ɗumi kuma ana ɗan girgiza robar, aikin kan kammala cikin minti 10 zuwa 30. Zafin rana irin na Yobe ma taimako ne a nan. Da zarar jan ƙarfen da ba a so ya ɓace sai a cire allon, domin idan ya daɗe sinadarin na shiga ta ƙarƙashin tawadar ya sirantar da layukan. Sai a ɗauraye, a goge tawadar da tina, a huda ramuka da bakin huji na milimita 0.8 zuwa 1, a zura ƙafafun kayan, a liƙe da dalma.

Akwai hattara da ba a wasa da ita. Sinadarin na ƙona ido, yana ɓata fata da tufafi, don haka safar hannu da kariyar ido wajibi ne, kuma a nisanta shi daga yara. Wanda aka gama amfani da shi cike yake da narkakken jan ƙarfe, guba ne ga kifi da tsirrai. Ba a zubar da shi kusa da rijiya, ko a kwata, ko inda dabbobi ke shan ruwa. A adana shi a jarka mai murfi da rubutu a jiki, yana kuma yin aiki fiye da sau ɗaya.

Kura da shan bugu

A Birtaniya hukumomin soja da kamfanoni ba su ɗauki aikin Eisler da muhimmanci ba a lokacin yaƙin. Amurkawa ne suka fara sanya bugaggun hanyoyin lantarki a aikin yaƙi gadan-gadan, a cikin wata ƙaramar na'ura da ake ɗaura wa harsashi ko bam, wadda ke jin kusantar abin da aka harba dominsa ta fashe kafin ta taɓa shi. Irin waɗannan na'urori sun taimaka wajen kakkaɓo makaman V-1 da Jamus ta riƙa harbawa Landan a 1944. Sai dai hanyar da Amurkawa suka bi a lokacin ta sha bamban da ta Eisler: su suna buga tawadar azurfa ne a kan farantin tangaran. Har yau masana tarihin fasaha na muhawara kan iyakar tasirin aikinsa a kan nasu.

Bayan yaƙi Amurka ta saki fasahar ga 'yan kasuwa a 1948. Shekara guda kafin nan an ƙirƙiro taransisto a ɗakunan binciken kamfanin Bell, kuma ƙananan kaya irin wannan ba sa jituwa da tsohon tsarin haɗa waya da hannu. A 1949 wasu injiniyoyin sojan Amurka biyu, Moe Abramson da Stanislaus Danko, suka fito da hanyar zura ƙafafun kaya a ramukan allo a tsoma shi cikin narkakkiyar dalma, duk haɗin ya kamu a lokaci ɗaya. Da wannan ne arhar ƙwadagon da aka kafa wa Eisler hujja da ita ta daina tasiri. A 1954 rediyon aljihu ta farko mai taransisto, Regency TR-1, ta shiga kasuwa da bugaggen allo a cikinta. A cikin dukan hanyoyin da aka gwada, ta fallen jan ƙarfe da cin sinadari ce ta yi rinjaye, wato hanyar Eisler.

Amma kuɗin ba su biyo shi ba. Kamfanoni kaɗan ne suka yarda su biya Technograph ladan amfani da fasahar, kamfanin ya yi ta fama da ƙarancin kuɗi, dangantaka tsakanin Eisler da masu gudanarwa ta yi tsami, har ya ajiye aiki a 1957. Reshen Amurka ya maka manyan kamfanoni a kotu, amma a 1963 wata kotun tarayya a Jihar Maryland ta yanke hukunci a shari'arsa da kamfanin Bendix, ta soke mafi yawan haƙƙoƙin da yake iƙirari.

Adalci ne a faɗi cewa kotun ba ta rasa madogara ba. Tun a 1903 wani Bajamushe, Albert Hanson, ya yi rajistar shimfiɗa fallen ƙarfe a kan abin da wuta ba ta ratsawa. Thomas Edison ya gwada zana hanyoyin lantarki a kan takarda a 1904. Arthur Berry ya yi rajistar bugawa da cin sinadari a Birtaniya a 1913, Charles Ducas kuma ya yi tasa a Amurka a 1925. Abin da Eisler ya yi shi ne ya tattara waɗannan gutsattsarin tunani, ya haɗa su da ƙwarewar maɗaba'a, ya mai da su hanya guda da masana'anta za ta iya bi, ya kuma nuna ta a cikin na'ura mai aiki. Tarihi ya ba shi wannan matsayi, ko da kotu ta hana shi ladansa.

Sauran rayuwarsa

Barin Technograph bai sa ya naɗe hannu ba. A 1959 ya wallafa littafi kan fasahar bugaggun alluna, wanda injiniyoyi suka daɗe suna amfani da shi. Ya kuma juya dabarar fallen ƙarfe zuwa wani fanni: idan siririn layi na yin zafi lokacin da wuta ke ratsa shi, to ana iya amfani da zafin. Ya tsara fallen ɗumama bango da daɓe, da na ɗumama abinci a cikin ƙunshinsa, da layukan da ke narkar da raɓa a gilashin bayan mota. Tunanin ɗumama bango ya so ya karɓu, sai aka gano iskar gas a Tekun Arewa a tsakiyar shekarun 1960, makamashi ya yi araha a Birtaniya, masu zuba jari suka janye. A nan ma basirar ta fi cinikin ƙarfi.

A 1989 ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna My Life with the Printed Circuit. A ƙarshen rayuwarsa Cibiyar Injiniyoyin Lantarki ta Birtaniya ta karrama shi da lambar azurfa ta Nuffield. Ya rasu a Landan ranar 26 ga Oktoba, 1992, yana da shekara 85. A wannan shekarar ce wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fitar da manhajar KiCad, wadda a yau duk mai kwamfuta zai iya saukewa kyauta ya tsara allonsa.

Abin da ya shafe mu

Yankin Potiskum ya san ma'anar a tare wa matashi hanyar ilimi da ƙarfin tsiya. Ranar 6 ga Yuli, 2013, 'yan bindiga sun kai hari Makarantar Sakandaren Gwamnati ta Mamudo, suka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai, lamarin da ya sa gwamnatin Yobe ta rufe makarantun sakandaren jihar na wani lokaci. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014, bam ya tashi a taron safe na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnati da ke Potiskum, ya hallaka ɗalibai fiye da 40. Yaran da suka tsira daga waɗannan shekaru yanzu magidanta ne, ƙannensu kuma na cikin aji. Garin na da makarantun fasaha, har da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha, kuma yana da ɗimbin matasa masu gyaran waya da rediyo da kayan sola.

Mafi yawan wannan gyara ya tsaya ne a kan cire fanel a sa wani, ko canja kayan da ya ƙone. Mataki na gaba shi ne mai gyara ya zama mai tsarawa: ya zana allon fitilar caji, ko na ƙararrawar da ke sanar da cikar tankin ruwa, ko na na'urar da ke kare batirin sola daga wuce kima wajen caji. Kayan farawa ba su fi ƙarfin ɗakin gwajin makarantar sakandare ba: guntun allo, maka, dutsen guga, kwalbar sinadari da malamin da ya san hattara. Eisler bai mallaki fiye da haka ba a 1936.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A Najeriya akwai dokar rajistar ƙirƙira da zane tun 1970, akwai ofishin rajista a Abuja ƙarƙashin ma'aikatar kasuwanci, akwai kuma hukumar NOTAP da ke taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajista. Matashin da ya haɗa abin da ke aiki, kafin ya miƙa shi ga mai kuɗi, ya rubuta ranar da ya fara da matakan da ya bi, ya nemi wanda ya san doka ya karanta masa duk takardar da aka ajiye a gabansa. Eisler ya shafe shekaru yana tsara hanyoyin da wuta za ta bi ba tare da kuskure ba, amma 'yan layukan da bai karanta ba a takarda ɗaya suka raba shi da ƙirƙirarsa a kan fam ɗaya.